Raɗar Suna a Gwangwanin Madara

Tsufa ya fara yi mini ƙananan sace-sace, yau ya ɗauke sunan wani, gobe ya ɗauke inda na ajiye filaya. Amma ban taɓa mantawa da ranar da Limamin unguwarmu ya kwantar da kunnensa a kan gwangwanin madara a shagona ba. Tun da shugaban ƙungiyarmu ta masu gyara ya ce kowane tsoho ya bar wa yara labari ɗaya daga aikinsa, ni wannan zan bari.

Sunana Ɗanlami, amma direbobin tashar Jibiya Injiniya suke ce mini. Kada sunan ya ruɗe ku. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun ta taga na yi rabinsa. Gyaran rediyo na tashi da shi, kuma wani tsohon malamin makarantar sana'a, Allah Ya ji ƙansa, shi ya nuna mini yadda ake haɗa rediyo mai baki. Ku masu gyaran wayar hannu bari in yi muku bayani. Rediyon da kuka sani kunne ce kawai, tana ji ba ta faɗi. Wannan kuwa tana ji tana faɗi, kuma masu yin ta don sha'awa har lasisi ake ba su. Tawa da kayan matattun rediyo na haɗa ta: naɗin waya, ƴar taransista guda, tsohuwar sifika, da abin magana da na ciro daga wata rikoda. Na zuba su duka cikin babban gwangwanin madara. Eriya kuwa doguwar waya ce da na ɗaure a kan bishiyar bedin bayan shago. Ƙarfinta duka bai kai na ƙwan tocila ba, amma tana tsallake boda ba tare da kowa ya tambaye ta takarda ba.

A can ƙetare, a wani ƙauye cikin ƙasar Nijar, akwai abokina Issufu, shi ma mai gyara ne. Na haɗa masa irin tawa. Kullum bayan azahar da bayan la'asar mukan kunna, ya ce mini rashin karatu ya hana ni arziki, in ce masa nasa karatun na lakwal, wato bokon Nijar, bai saya masa ko keke ba, mu kashe.

Abin yana da ƙa'ida. Ba a magana tare. Akwai maɓalli, in ka danna kai ke faɗi kuma ba ka jin komai, in ka saki sai ka ji ɗan'uwanka. In ka gama sai ka ce "gare ka", shi kuma ya danna. Sannan faɗi ya fi ji cin batir nesa ba kusa ba, kuma ƴar taransistar nan in magana ta yi tsawo zafi take yi kamar dutsen guga. Saboda haka masu wannan aiki a taƙaice suke magana. Ku riƙe wannan, a taƙaice.

A daminar shekarar da aka rufe boda, wata iska ta zo ta kayar da ƙarfen sabis da turakun lantarki. Waya ta mutu, wuta ta ɗauke. Hanyar daji da ƴan kabu-kabu ke bi kuwa, korama ta cika ta, ga ma'aikata suna kama babura. Ana cikin haka ranar wata Laraba da hantsi sai ga Sabi'u, direban babbar mota, ya zo ya zauna a bencina. Mahaifinsa, Alhaji Nomau, a ƙauyen su Issufu yake. Shi Sabi'u a nan ya yi aure, motarsa kuma tana fake tun da aka rufe hanya.

Ya gaishe ni. Ya ɗauki wata matacciyar rediyo yana juyawa.

Na ce, "Saya za ka yi ko auren ta za ka yi?"

Ya ce, "Baba Injiniya, dama a gidan can ne... wato an ɗan yi baƙo."

"Daga wane gari?"

"A'a, ba irin wannan baƙon ba."

"Ɓarawo ne?"

Ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Ni kuwa na sani sarai, matata ta je barka tun ranar da aka haihu. Ɗan fari ne, kuma ku kun san kunyar ɗan fari, uba ba ya faɗin an haifa masa, ba ya kiran sunan yaro, in ana zancen ma sai ya nemi abin da zai duba a ƙasa. Na bar shi ya yi gumi kaɗan, don tsoho ma yana buƙatar nishaɗi.

Damuwar ita ce gobe Alhamis suna. Alhaji Nomau kuwa tun ranar ɗaurin aure ya rantse a gaban mutane cewa jikansa na fari shi zai zaɓa masa suna, wanda ya riga shi kuma kada ya sake taka masa ƙofar gida. Alhaji ba ya rantsuwa ya manta. Ga rago an saya, mata sun fara daka, shi kuma tsoho bai ma san an haihu ba.

Na ce, "Wannan ai maganar numfashi biyu ce. An haihu, mene ne suna, shi ke nan."

Da azahar na kira Issufu na ce ya kawo Alhaji bayan la'asar. Na aika wa Liman ya zo, tun da shi za a ba sunan. Batirin babur da nake aiki da shi ya yi kwanaki bai ga caji ba, amma na ce ai numfashi biyu ne. Duk da haka na ari wani a wurin wani ɗan kabu-kabu na ajiye a gefe.

Bayan la'asar na kunna. Aka yi ƴar ƙara, sai ga muryar Alhaji Nomau ta fito daga gwangwani: "Salamu alaikum."

Kafin in ce wani abu Sabi'u ya cire takalmi ya durƙusa. To gwangwanin yana kan tebur, wayar abin magana kuma gajera ce. Na ce ya miƙe. Ya ce shi bai taɓa yi wa mahaifinsa magana a tsaye ba, kuma ba a kan gwangwani zai fara ba. Dole muka sauko da kayan kan tabarma, na bi su ni ma na durƙusa, ƙashin gwiwata na ƙara kamar ana karya kara.

Na miƙa masa abin magana. Nan aka yi kuskuren farko, kuma ba wanda zai yi shi sai mu. Kun san gaisuwarmu ba a jira. Kana tambayar gajiya ana amsa maka ana tambayar iyali, baki biyu na tafiya tare kamar mata biyu a turmi ɗaya. Sabi'u ya danna ya zuba gaisuwa. A can Alhaji, wanda ya ƙwace abin daga hannun Issufu don ya ce shi ba jariri ba ne da za a riƙe masa, shi ma ya danna yana zubawa. Suka gama tare, suka saki tare. Shiru. Suka sake dannawa tare. Suka sake saki. Shiru.

Can sai muryar Issufu: "Alo, alo, Injiniya! Tsoho ya miƙe zai tahi. Ya ce ya gaida ɗansa, ya sake gaishe shi, yaro ya ƙi amsawa. Ya ce dama ya san zaman birni ya lalata shi. Gare ka."

Sabi'u ya kusa kuka. Na karɓi abin na ba Alhaji haƙuri, na ce laifin injin ne, ɗan talakawa ne bai iya gaisuwa ba. Muka shirya ni in riƙe maɓalli a nan, Issufu ya riƙe a can. Alhaji ya yarda, amma ya ce shi ba zai riƙa ce wa ɗan cikinsa "gare ka" ba kamar suna rabon gado. Sai Issufu ya zama sanƙira, Alhaji na rufe baki ya ce, "Alhaji ya gama, gare ku!"

Aka fara gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina wuni, Baba? Gare ka."

"Lahiya lau. Ina gajiya?" "Alhaji ya gama, gare ku!"

"Babu gajiya. Ina mutanen gida? Gare ka."

Aka gaida ruwa, ruwa ya yi gyara. Aka gaida gero, aka gaida wake. Aka tambayi ƙafar Inna, aka tambayi mota, aka tambayi ko har yanzu ƴan duwan, wato kwastan, na nan da halinsu. Na taɓa taransista na janye yatsa. Na tsoma tsumma a randa na ɗora mata, na cire hulata ina yi mata fifita kamar amarya.

Da Alhaji ya ce, "To, ina labari?" na zunguri Sabi'u da gwiwar hannu na danna masa.

Ya buɗe baki ya ce, "Sai alheri, Baba. Dama... dama nan ma damina ta yi kyau. Gare ka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, karɓi abin nan kafin in mari direba."

Liman ya gyara rawani ya matso ya zauna a tabarma. Nan na gane na ƙara wa kaina aiki. Sabon baki ai sabuwar gaisuwa. Ga shi kuma shi da Alhaji tare suka yi karatu suna samari, sun daɗe ba su ji juna ba. Aka koma kan ruwa, aka koma kan gero. Aka shiga lissafin waɗanda suka rasu, kowane da addu'arsa. Ɗan jan ƙwan da ke nuna ƙarfin batir ya fara lumshe ido.

Na raɗa masa, "Malam, batir. Bari in canza, ba zai ɗau lokaci ba."

Ya ce, "In ka canza maganar za ta yanke?"

"Kaɗan."

"Alhaji na magana ka yanke shi? Kai a gidanku haka aka koya maka? Batir ya yi haƙuri, ai ba shi kaɗai ya gaji ba."

Da ƙyar ya kai ga batu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, albishirinka. An samu ƙaruwa a gidan Sabi'u, namiji, uwa da ɗa lafiya, gobe suna. Gare ka." Kafin ya rufe baki Sabi'u ya fice ta ƙofar baya ba takalmi, ya je ya tsaya yana duba bedi kamar yau ya fara ganin itace.

Alhaji ya yi kabbara. Ya ce, "Alhamdu lillahi! A ɗaga hannu mu yi addu'a. Bismillahi..."

Ɗif. Babu ko ƙara.

Ni da Liman muka zauna hannu a sama. Liman na cewa amin a kan ƙiyasi, inda yake jin ya kamata a ce an kai gaɓa. Ni kuwa na ce taransista ta ƙone. Ina shirin buɗe gwangwani sai ga Issufu: "Alo, Injiniya, fardo, yi haƙuri. Na saki maɓalli ne. Ai ba a addu'a da hannu guda. Gare ka."

Da Alhaji ya ji addu'arsa ba ta tsallaka boda ba, ya ce ba zai yarda jikansa ya fara duniya da addu'ar da ta tsaya a Nijar ba. Ya sake ta tun daga farko, Issufu na danne da maɓalli da babban yatsan ƙafa. Na ɗaga sabon batir na nuna wa Liman. Ya harare ni ta tsakanin tafukansa.

Aka shafa. Liman ya ce, "To Alhaji, suna. Gare ka." Muryar da ke dawowa ta fara yin ƙasa kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

Alhaji ya ce, "Suna ba a faɗinsa a kasuwa. Raɗa shi ake yi. A fitar da kowa, Liman ya kawo kunnensa."

Na ce, "Malam, gaya masa ya ɗaga murya!"

Liman ya ce, "Fita. In ba za ka fita ba toshe kunne."

Na sa yatsu a kunnuwana na juya baya, amma ina leƙe. Liman ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuya ya manna kunnensa a jikin gwangwanin madara, rawaninsa ya zame ya rufe masa ido ɗaya. A daidai nan jan ƙwan ya mutu.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Injiniya, na ji shuuu."

"Sai me?"

"Sai ban ji shuuu ɗin ba ma."

Na fizge wayoyi na haɗa sabon batir, na yi ta alo alo har maƙogwarona ya bushe. Babu Issufu. Daga baya ya gaya mini Alhaji ya ce raɗa ba a amsa ta, an gama, a kashe. Suka kashe suka tafi masallaci. Issufu ba zai sake kunnawa ba sai azahar ta gobe, suna kuwa da sassafe ne.

Sabi'u ya dawo ya ji abin da ya faru, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce ko Liman zai zaɓi wani suna mai kyau. Liman ya ce shi ba zai faɗi abin da bai ji ba, kuma in ya saɓa wa na Alhaji, Sabi'u ne zai rasa ƙofar gidan ubansa. Sabi'u ya ce to a ɗaga sunan. Liman ya ce je ka gaya wa matan da ke daka. Sabi'u bai motsa ba.

Na fita in sha shayi ko kaina zai dawo. Teburin Mani mai shayi yana tsallaken titi, kusa da ƙofar tasha. Na tarar da mutane cike, direbobi da ƴan dako da ƴan kamasho, amma tsit, kowa na kallon kofinsa. Rediyon Mani kuma an rufe ta da tsumma.

Mani ya zuba mini ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Kai, Alhaji Nomau bai tsufa ba wajen addu'a."

Na ajiye kofi.

Ga abin da ya faru. Gwangwanina a gefen mita arba'in da ɗaya yake magana, maƙwabcin inda kowa ke neman labaran duniya. Mani na murɗa rediyonsa sai ya faɗa kanmu. Rediyonsa sabon batir gare ta, ga doguwar eriya, ya kuma ƙure ƙara. Tun daga gaisuwar farko tasha ta taru. Addu'a ta biyu har da su aka shafa. Raɗar da Liman bai ji ba kuwa, a teburin Mani ta fito kamar sanarwar cigiya.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Mene ne sunan?"

Mani ya ce, "Wane suna?"

"Wanda Alhaji ya raɗa!"

"Mu? A'uzu billahi. Raɗa ce fa aka yi wa Liman. Mu saurari raɗa? Ka ɗauke mu marasa tarbiyya?"

Wani tsohon direba ya ce, "Ni lokacin tari ya kama ni." Wani ya ce shi kunnensa na hagu dama ba ya aiki, na daman kuma yana wajen mota. Na ce, jama'a, Liman bai ji ba, batir ya mutu, yaron nan zai rasa ubansa. Suka dubi juna. Kowa ya ji tausayi, na gani a fuskarsu. Amma wa zai zama mutumin da ya saci raɗa, ya kuma riga Liman faɗin sunan jariri? Har jikokinsa sai an yi musu gori. Duk tasha ta san sunan, mutum ɗaya da ke buƙatarsa ne kawai bai sani ba.

Ana haka aka kira magariba. Liman ya fito daga shagona zai wuce masallaci, ransa a ɓace. Hanyarsa ta gaban rumfar wani mai faci take. Wannan mai faci mutum ne mai baƙin rai, ba ya gaida kowa, ba a gaishe shi, ko sunansa ba a kira, Mai Faci kawai ake cewa, shi ma daga nesa.

Mani ya sosa ƙeya. Sai ya miƙe ya ɗaga murya yadda har ƴan boda za su ji: "Sannu da aiki, Zakari!"

Mai faci ya ɗago yana neman wanda ake yi wa.

Tsohon direban nan mai tari ya ce, "Malam Zakari, ina wuni!"

"Zakari, ya iyali!"

"Allah Ya yi maka albarka, Zakari!"

Ƴan dako suka tsallaka titi a jere suna ba shi hannu, kowa na kiran sunan yana satar kallon Liman. Mai faci ya ja da baya riƙe da ƙarfen cire taya. Ya ce, "Mi na yi muku? Wa ya mutu? In wani abu likita ya gaya muku a kaina ku faɗa mini!"

Liman ya tsaya. Ya dubi mai faci, ya dubi jama'a, ya dubi rediyon da ke ƙarƙashin tsumma. Ya shafa gemu a hankali. Sannan ya ce, "Malam Zakari, ina wuni?"

Tasha gaba ɗaya ta ce, "Madalla!" Sai kuma kowa ya tuna da kansa, aka shiga neman buta.

Da safe aka yanka rago, Liman ya ce sunan yaro Zakariya'u. Ku zo ku ga mamaki a fuskar mutanen tasha. Mani har da riƙe baki, yana cewa, "Kai, suna mai daɗi! Wa zai yi tsammani?" Aka aika wa mai faci cinya guda. Shi har yau a ganinsa don shi aka sa sunan, yana kiran yaron takwara, yana yi wa Sabi'u faci kyauta, ya ma fara amsa gaisuwa. Ba wanda ya gaya masa, ku ma kada ku fara.

Da aka buɗe boda Alhaji Nomau ya zo ganin jikansa. Sunan mahaifinsa ne ya raɗa, kuma shi aka sa. Ya zo har shagona ya tsaya yana kallon gwangwani da girmamawa. Ya tambayi Liman, "Ka ji ni sosai ranar?" Liman ya dubi rufin kwano ya ce, "Saƙo ya iso, Alhaji." Alhaji ya ce, "Abin nan ya fi mutane riƙe sirri. Injiniya, akwai wata magana tsakanina da surukina da ba na son kowa ya ji, ranar Juma'a zan raɗa masa ta nan." Mani na tsallaken titi, na ga ya fara goge rediyonsa. Na ce wa Alhaji taransista ta ƙone, kuma irinta sai an yi oda.

To yara, abin da na koya ke nan. In za ku haɗa wa mutanenmu na'ura, kada ku auna batir da tsawon saƙo, ku auna shi da tsawon gaisuwa, ku ƙara na addu'a, sannan ku ƙara na maimaita addu'ar. Kuma ku sani duk abin da kuka saki a iska na kowa ne, ba ƙofa, ba kwaɗo. Abin da ya rufa asirin Alhaji ran nan ba aikina ba ne. Mutum ɗari ne da suka ji da kunnensu, suka kuma rantse ba su ji ba.